Tambaya da amsa: rajistar ɗalibai ta cakuɗe min a Excel

Tambaya: Salam malam, ni ke riƙe da rajistar ɗaliban Islamiyyarmu a Excel, suna da aji da kuɗin wata duk a shafi ɗaya, yanzu sunan yaro ɗaya sai ya fito sau biyar, lambobin wayar iyaye ma sifirin farko ya ɓace. Access zan koma ko yaya?

Amsa: Wa alaikumus salam malam. Ko ka koma Access, wato manhajar Microsoft ta adana bayanai, matsalar sai ta biyo ka, don tsarin teburin ne ya lalace tun farko. Raba shi gida biyu. Ɗaya na ɗalibai zalla, kowane yaro layi ɗaya tal, sunansa, sunan mahaifi, aji, lambar waya. Ɗayan na biyan kuɗi, duk sanda aka biya a buɗe sabon layi a sa kwanan wata da nawa aka kawo.

Abin da zai haɗa teburan biyu shi ne lambar ɗalibi, kuma dan Allah kar ka dogara da suna ko kaɗan, kai ma ka sani a aji ɗaya sai a samu A'isha Muhammad uku, ga shi yau an rubuta Muhd gobe Moh'd, ita kuwa kwamfuta a wurinta mutum biyu ne daban, haka za a zo a ce yarinya ba ta biya ba alhali uwarta ta kawo kuɗin da hannunta. Ba kowa lambarsa, 001, 002, ko yaro ya yi sauka ya tafi kar a ba wani tasa.

Sifirin waya kuma, Excel na ɗaukar 0803 a matsayin adadin lissafi ne shi ya sa yake yar da shi. Mayar da jerin lambobin wayar zuwa Text, wato rubutu zalla, kafin ka fara shigarwa, har da na lambar ɗalibin. Waɗanda suka riga suka zube sai ka bi su ka mayar. Shekaru ma kar ka rubuta 9, baɗi ta zama ƙarya, ranar haihuwa za ka sa.

Sai fom ɗin shigarwa. Aji da jinsi a bar mutum ya zaɓa daga jeri kar ya buga da hannu, a Excel Data Validation ke yin wannan, Google Forms, wato fom ɗin Google da ake cikewa ta intanet, shi ma yana da shi. Amma kar ka mai da kowane gurbi dole, in ka matsa wa mai shigarwa zai cike da shirme don ya wuce. Ka kuma sani Access a Windows kawai yake aiki, in da waya malamanku za su riƙa shigarwa to Google Forms ya fi muku.