Mun Yi Zama Biyu, Har Yanzu Ba Matsaya: Ina Gyaran Yake?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke jagorantar wani aiki a ma'aikatarmu. Sau biyu ina tara masu ruwa da tsaki don mu tsayar da abin da za a fara yi, amma mutum biyu ne ke mamaye magana, sauran su yi gum, a tashi ba matsaya. Me zan gyara?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Gyaran farko yana kanka: ka bar wa wani jan ragamar zaman. Kana da ra'ayi kan aikin, kowa kuma ya san haka, shi ya sa na ƙasa da kai sai ya tauna magana kafin ya furta, wani ma ya haɗiye ta. Nemo wanda ba shi da riba ko asara a abin da za a yanke. Shi zai kula da lokaci, ya ba kowa dama, amma ba zai sa baki a hukunci ba. A samu wani daban yana rubutu a allo inda kowa ke gani. Da wannan rabon aiki tsarin JAD, wato zaman haɗin gwiwa don tsara manhajar kwamfuta, ya zo daga kamfanin IBM a ƙarshen shekarun 1970, haka ma DSDM, wani tsarin gudanar da ayyuka da ya fito a Birtaniya a 1994.

Batun masu shiru shi ya fi damuna, domin sau da yawa su ne ke taɓa aikin da hannunsu, su suka san inda gizo ke saƙa. Kada a buɗe da muhawara. A raba takarda, kowa ya rubuta nasa tukuna. Akwai dabarar 6-3-5 ta Bajamushe Bernd Rohrbach: mutum shida, kowa ya rubuta shawara uku cikin minti biyar, ya miƙa wa na kusa da shi ya ɗora. Zagaye shida, rabin awa, za a iya tara shawara 108 ba wanda ya katse wani. Mai ƙarfin murya a nan takarda ɗaya gare shi kamar kowa.

Sai tacewa. A kasa buƙatun gida huɗu yadda tsarin MoSCoW ya tanada: na dole, wanda ya kamata, wanda za a yi in an samu hali, da wanda ba wannan karon ba. Za ka ga kowa na tura nasa gidan dole. Jagoran zama ya riƙa tambaya: in ba a yi wannan ba, aikin zai tsaya? In ba zai tsaya ba, a sauko da shi. DSDM na ba da shawarar kada na dole ya wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin da za a zuba.

Maganar da ta kauce hanya a rubuta ta a gefen allo, a koma mata daga baya. Ka tabbatar mai ikon yanke hukunci yana zaune a ɗakin, kuma kafin a watse a karanto kowace matsaya tare da sunan wanda zai aiwatar da ranar da zai kammala.