Amsa: Jirgin Hajiya ya juyo bayan tashi, hatsari ne?

Ɗan'uwa, ka ce jirgin da Hajiya ta hau ya tashi daga Katsina sai ya juyo, har kana tunanin hana ta sake hawa. Kwantar da hankalinka.

Matuƙi ba ya jiran abu ya ɓaci. Fitilar gargaɗi ta kama a gabansa, ko tsuntsu ya faɗa inji, sai ya nemi izinin dawowa. Jirgi mai inji biyu an ƙera shi ne yadda zai iya sauka lafiya da inji ɗaya. Shawagin da ta ce sun yi ta yi kuwa, galibi mai ake ƙonawa don a rage nauyi kafin a taɓa ƙasa. Motocin kashe gobarar da ta hango ta taga, ƙa'ida ce, ba wuta ce ta tashi ba.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda labarin ke yawo. Kafin fasinja su ɗauki kayansu, an riga an baza a Facebook wai jirgi ya faɗi. Alhali matuƙi zai rubuta rahoto, hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Najeriya ta duba, in abin babba ne hukumar NSIB mai binciken haɗurra ta shiga bincike. A ƙa'idar duniya, rahoton farko na hatsari yana fitowa cikin kwana 30, kuma sanadi ake nema, ba wanda za a ɗora wa laifi ba.

Bar ta ta hau abinta. Ka dai tuna mata, in an ce a fita da gaggawa, kada ta tsaya laluben jaka.