Sassaƙar da ba ta barin inda aka kafa ta

Tambaya: Malam, ni ɗalibin zanen gine-gine ne a Katsina. Na ji ana maganar sassaƙar da ake yi domin wuri guda kaɗai. Mene ne bambancinta da gini?

Amsa: Ɗana, bambancin yana cikin manufa. Gini ana yinsa domin a zauna, ita kuwa wannan sassaƙa ana auna ta da filin, da hasken rana, da hanyar masu wucewa, ta yadda idan aka ɗauke ta, ma'anarta ta tafi. A 1981, wani mai sassaƙa ɗan Amurka, Richard Serra, ya kafa wata lanƙwasasshiyar katangar ƙarfe mai tsawon ƙafa 120 a wani dandali a birnin New York na Amurka. Ma'aikatan wurin suka koka cewa ta tare musu hanya, shi kuma ya dage cewa ɗauke ta daidai yake da rusa ta, har aka cire ta a 1989.

A ganina, maginanmu sun daɗe da sanin wannan. Ka tsaya gaban tsohon soro da hantsi, ka duba yadda inuwa ke kwanciya cikin zanen bango da zankwaye. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ma, da za a kai ta wani gari, tulin tubali kawai za a gani.