Da gaske ne akwai waɗanda gado ya kare daga HIV?

Ka tambaya ko gaskiya ne wasu na da kariya ta gado daga HIV. Akwai ƙamshin gaskiya, amma da sauran magana.

Ƙwayoyin garkuwar jiki suna bin sawun wasu sinadarai da ake kira kemokin, su ke nuna musu inda cuta ta shiga. Suna jin wannan kira ta wasu ƙofofi da ke jikinsu, ɗaya ita ce CCR5. To, ta wannan ƙofa yawancin nau'o'in HIV ke kutsawa.

A 1996 masu bincike suka gano cewa wasu mutane sun rasa haruffa 32 a rubutun gado (DNA) da jiki ke bi wajen ƙera ƙofar CCR5, don haka ƙofar ba ta fitowa. Wanda ya gaji wannan daga uwa da uba duka, kamuwa na yi masa wuya. Sai dai ba su da yawa, kusan mutum 1 cikin 100 ne a arewacin Turai.

Inda ake kuskure: wasu nau'o'in na bi ta wata ƙofar, CXCR4. Gado daga ɓangare ɗaya kuma ba ya hana kamuwa, jinkirta ciwon kawai yake yi. Kada sakamakon gwajin gado ya sa ka saki jiki. Kai wa likita ya fassara maka shi, ka kuma yi gwajin HIV.