Tambaya da Amsa: Shiga Gashaka-Gumti a tsakiyar damina

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu huɗu ne muka shirya zuwa gandun dajin Gashaka-Gumti a watan Agusta don lokacin ne muke da hutu, har muna son mu hau dutsen Chappal Waddi. To wani yana ta ce mana wai da damina ba a shiga. Gaskiya ne ko tsorata mu kawai yake yi? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ɗan'uwa. Mutumin nan bai yi muku ƙarya ba. Zuwa Serti kam ba matsala, daga Jalingo ku bi ta Bali sai ga ku a garin da hedikwatar gandun take. Rigimar daga nan take farawa, domin hanyar shiga cikin dajin ta ƙasa ce, ga rafuka, kuma a Agusta kogin Mayo Kam ba wasa yake ba, ruwan da ka tsallaka da safe iya gwiwa kana dawowa da la'asar ka tarar ya cika ya batse saboda an kwana ana tafka ruwa can kan duwatsu, sai dai ka zauna a bakin gaɓa kana kallo.

Batun Chappal Waddi kuwa ku ajiye shi tukuna. Tsayinsa mita 2,419, babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, yana kan iyakarmu da Kamaru, kuma tafiyar kwanaki ce a ƙafa. Da damina ga santsi ga hazo, ka sha wahala ka hau ƙarshe ko tafin hannunka da ƙyar ka gani. Ku bari sai tsakanin Disamba da Maris.

Amma fa in kallon daji ne kawai, damina tana da nata daɗin. Ko'ina kore shar, tsuntsaye kamar me. Sai dai ciyawa ta yi tsayi, ganin ɓauna ko dorina sai an yi sa'a, balle biri mai ganga, wato cimfanzi, wanda galibi sai dai ku ji yana dukan saiwar bishiya daga nesa. Gandun ya haura murabba'in kilomita 6,000, tun 1991 aka kafa shi, ba wurin da mutum zai shiga da ka ba ne.

In kun dage sai Agusta, ku fara tuntuɓar ofishinsu na Serti kan halin hanya da tsaro, ku ɗauki ma'aikacin gandu ya yi muku jagora. Ku tafi da takalmin roba, rigar ruwa, gidan sauro da riga mai dogon hannu saboda ƙudan tsando. Waya kuma a ƙulle ta cikin leda, ku ƙara kwana biyu a lissafinku ko da rafi zai tare ku.