Daga Makka zuwa Madina a jirgin ƙasa, a dawo a ranar

Ka tambaya ko za ka iya barin kayanka a masaukin Makka, ka je Madina ziyara ka dawo ba tare da ka kwana ba. Zai yiwu, da jirgin Haramain da aka buɗe a 2018. Tafiyar kilomita 450 ce, yana cinye ta cikin awa biyu da rabi ko ƙasa da haka, ya danganta da tsayawarsa a Jidda.

Ka sayi tikitin zuwa da dawowa lokaci guda a manhajar jirgin, da lambar fasfonka, kwana uku zuwa biyar kafin ranar. A Ramadan kuwa ka riga haka, kujerun yamma ne ke fara ƙarewa.

Inda mutane ke yin kuskure shi ne lissafin hanya. Tashar Makka tana Rusaifa, ta Madina kuma ba kusa da Masallacin Annabi take ba, sai ka hau bas ko tasi. Ka ware minti 40 a kowane ɓangare, don jirgin ba ya jiran kowa. Ka fita bayan asuba, ka samu azahar da la'asar a can, ka kamo hanya bayan magariba.

Shiga Rauda a Masallacin Annabi sai da izini daga manhajar Nusuk. Ka fara samun lokacinta, sannan ka ɗora tikiti a kai.

In za ka sake Umra a dawowa, ɗaura harami tun a Madina; jirgin ba ya tsayawa a Zul Hulaifa, miƙatin mutanen Madina, niyya a cikin jirgin za ka yi.