Hukuncin Yawon Tallar Wiski Ga Musulmin Da Ba Ya Sha

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni matashi ne, na zo Sikotland karatu, da na gama sai na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin wiski na iyali guda, ganga kaɗan suke fitarwa a shekara. Aikina yawo ne. Nakan loda kwalabe a but ɗin mota in bi otal-otal da shaguna da mashaya, in je bukukuwan wiski a yankin Speyside da tsibirin Islay, in zuba wa mutane su ɗanɗana, in yi musu bayani, in karɓi oda. Wallahi Malam ban taɓa haɗiye ko ɗigo ba, iyakata sansanawa. Su ma don ba na sha suka ɗauke ni, tunda ni ke tuƙi. Ana ba ni albashi, da kamasho a kan kowane katan da na sayar, da shi nake riƙe mahaifiyata da ƙannena. Ita dai ta san ina tallar kayan kamfani. Wani abokina ya turo mini fatawa cewa a mazhabar Hanafiyya ya halatta Musulmi ya sayar wa waɗanda ba Musulmi ba giya a ƙasarsu. Shin aikin nan ya halatta? Yaya ƙasarun da nake yi a hanya? Kuma zan iya biya wa mahaifiyata Hajji da abin da na tara?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka yi tambaya, don da yawa in abinci ya samu ba sa son a tono musu asalinsa. Aikin nan bai halatta ba, kuma ina jin zuciyarka ta riga ni faɗa maka. Wanda ya natsu da sana'arsa ba ya ce wa mahaifiyarsa "kayan kamfani" ya yi shiru.

Haramcin giya ba sai na karanto maka dalili ba, yaran Islamiyya ma sun san shi. Kasancewar wiski daga sha'ir ake yin ta ba daga inabi ba shi ma bai canza komai ba. Sayyidina Umar ya lissafa sha'ir a kan mumbari cikin abubuwa biyar da ake yin giya da su, kuma dokar Birtaniya ta 2009 ba ta yarda a kira abu wiskin Sikotland ba sai ya shekara 3 a gangar katako kuma ƙarfin barasarsa ya kai kashi 40 cikin 100. Ka fi ni sanin wadda ake ɗurawa kai tsaye daga ganga ba a sirka ba tana wuce 50.

Inda nake so ka tsaya shi ne maganarka ta "ba na sha". Ka jingina da ita kamar ita ce ke raba halal da haram a aikinka, alhali abin da ke yanke hukunci a wasiƙarka kalmomi biyu ne da ka wuce su da sauri: zubawa da kamasho. Da ce mini ka yi kai direban tasi ne da wani lokaci fasinja ke shigowa da kwalba a jaka, ko kana aiki a babban kanti da giya take ɓangare ɗaya cikin kaya dubu kuma kai ba ka taɓa ta, da maganar ta yi tsawo, da akwai wurin rarrabewa. Kai kuwa hannunka ke ɗauka, hannunka ke zubawa, bakinka ke yabo, kuma kuɗinka yana ƙaruwa daidai yadda shan mutane ya ƙaru. Cikin mutum goma da hadisi ya la'anta a kan giya, mai sha ɗaya ne kawai. Ka duba sauran da kanka: mai ɗauka, mai shayarwa, mai sayarwa, mai cin kuɗinta. Huɗu ke nan a rana ɗaya ta aikinka. Dillalin kara ba sai ya ci naman saniya ba kafin a ce shi ya sayar da ita.

Akwai kuma hadisin Ibn Abbas da Malik ya kawo a Muwaɗɗa, Muslim ma ya ruwaito. Wani mutum ya kawo wa Annabi (SAW) kyautar salkar giya, bai san an haramta ba. Da aka gaya masa sai ya yi wa wanda ke kusa da shi raɗa ya je ya sayar. Annabi ya ce masa wanda ya haramta shan ta ya haramta sayar da ita, mutumin ya kwance bakin salkar ta tsiyaye. Ka lura, a lokacin akwai Yahudawa da Nasara da mushirikai da za a iya kai wa, amma ba a ce masa ya nemi wanda ba Musulmi ba ya sayar masa.

To mu zo ga fatawar abokinka, don ita ce ta riƙe ka. Ba ƙarya ya yi wa Hanafiyya ba. An ruwaito daga Imam Abu Hanifa da almajirinsa Muhammad ɗan Hasan cewa Musulmin da ya shiga ƙasar yaƙi, wato ƙasar da ba ta ƙarƙashin mulkin Musulunci, da aminci zai iya karɓar dukiyar mutanenta da yardarsu ko da ta hanyar cinikin da shari'a ta ɓata, kamar riba da sayar da giya ko mushe. Wasu malaman zamani sun farfaɗo da wannan ra'ayi saboda Musulmin da ke zaune a Turai da Amurka. Ina girmama su, amma ban ga hanyar da wannan magana za ta ɗauke ka ba.

Tun a cikin gidan Hanafiyya, Abu Yusuf, babban almajirin Imam, bai yarda ba, ra'ayinsa ya zo ɗaya da na Malik da Shafi'i da Ahmad a kan cewa abin da ya haramta ga Musulmi a Bagadaza ya haramta gare shi a ko'ina. Babban dalilin masu halattawa ruwaya ce daga Makhul, tabi'i, kai tsaye zuwa ga Annabi ba tare da sahabi ba, cewa babu riba tsakanin Musulmi da ɗan ƙasar yaƙi a ƙasar yaƙi. Shafi'i ya ce ba ta tabbata ba, kuma ba za ka same ta a sanannun littattafan hadisi ba. Ko da ta tabbata, riba ta ambata, ba ta ambaci giya ba. Sauran dalilan, ribar Abbas a Makka da cacar da Abubakar ya yi da Ƙuraishawa a kan nasarar Rumawa, ana amsa su da cewa sun faru kafin hukuncin ya sauka ko ya kammala. Ba a ture hadisi ingantacce bayyananne da irin waɗannan.

Sannan ka bar ni in miƙa wuya na ɗan lokaci, mu ce ra'ayin daidai ne. A kan me yake magana? A kan kuɗin da ya shigo hannun Musulmi, ko ya mallake shi ko bai mallaka ba. Bai ce Musulmi ya jera ƙananan kofuna shida a gaban baƙi, ya tsaya a kansu yana cewa wannan ƙamshin hayaƙi take, waccan ta kwana a gangar da aka kawo daga Sifen, ku ɗiga mata ruwa kaɗan ku ji yadda za ta buɗe. Wannan shayarwa ce da kwaɗaitarwa, da zama a teburin da ake zagaya giya, wanda aka hana mai imani da Allah da ranar ƙarshe. Babu Bahanafen da na sani ya halatta wa Musulmi ya zama mai shayarwa a majalisar giya. Kuma sharaɗin ra'ayin shi ne mai sayen ba Musulmi ba ne. Kai da ke tsaye a rumfar biki, mutane ɗaruruwa suna wucewa daga ƙasashe daban-daban, kana tambayar kowa addininsa kafin ka zuba? Dilan da ya yi odar katan hamsin, ka san ko Dubai ko Legas zai tura? Za ka iya rantsuwa ba ka taɓa miƙa wa wani Ahmad ko Yusuf kofi ba?

Abu na ƙarshe a kan wannan, kuma shi ya fi damuna. Ƙasar da ta ba ka izinin zama, kake sallar Juma'a a babban masallacin Gilasgo ba wanda ya tare ka, har Musulmi, Humza Yousaf, ya shugabanci gwamnatinta daga 2023 zuwa 2024, ka kira ta ƙasar yaƙi ranar da kake son halatta kamasho, sauran ranaku kuwa maƙwabta ne da abokan arziki? Na san masu wannan ra'ayi suna cewa suna nufin duk ƙasar da ba ta Musulunci ba. Amma mutanen nan giya tana kashe su kamar yadda take kashe kowa. A shekarar 2023 kaɗai an ƙidaya mutum 1,277 da barasa ta kashe kai tsaye a Sikotland, kuma tun 2018 gwamnatinsu ta ƙayyade mafi ƙarancin farashin da za a sayar da ita don rage sha. Su suna neman hanyar ragewa, kai Musulmi kana cin abinci da ƙarawa. Kar ka ce mini taku mai tsada ce, ta masu kuɗi ce, ba ta 'yan maye ba. Hanta ba ta san farashin kwalba ba.

Ƙasaru kuwa, a mazhabar Malik rangwamen na matafiyin da tafiyarsa ba ta saɓo ba ce. Malamai sun bambanta wanda ya yi saɓo a cikin tafiya halattacciya da wanda tafiyar kanta don saɓon aka yi ta, kuma kai giyar ce ta fitar da kai daga gida. Don haka duk tafiyar da ta rage maka a wannan aiki ka cika sallarka. Waɗanda suka wuce ba zan ce ka rama ba, tunda Hanafiyya da wasu sun ba kowane matafiyi rangwamen, kai kuma ba da gangan ka yi ba. Abin da ba ka tambaya ba shi ne tufafinka. Mafi yawan malamai suna ganin giya najasa ce, mai zuba kofi ɗari a yini kuwa ba zai rasa ɗigo a hannun riga ba. Ka ware kayan salla daban, ka wanke hannu. Kuma da hunturu a can rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, Azahar da La'asar da Magariba suna bin juna a daidai lokacin da kake kan titi ko kake jera kofuna. Ka tambayi kanka salloli nawa suka fita lokaci.

Sansanawa ba sha ba ce, ba zan ɗora maka abin da ba ka yi ba. Amma wannan sana'a ba ta barin mutum a nan. Wata rana mai kamfani zai ce ka ɗan kurkure baki da ita ka tofar, ai ba haɗiyewa za ka yi ba, don ka san abin da kake faɗa wa kwastoma. Wannan haramun ne. Bayansa kuma sai daren da jirgin ruwa ya fasa tashi saboda iska, kai kaɗai a ɗakin otal, babu masallaci, babu ɗan'uwa, ga buɗaɗɗun kwalabe a jaka. Kada ka amince wa kanka da yawa. In kana da halin aure ka yi, in ba ka da shi ka nemi zama kusa da jama'ar Musulmi.

Batun fita. Ba ka faɗa mini irin takardar zamanka ba, kuma tana da muhimmanci. In irin wadda ake ba waɗanda suka gama karatu ce, ba ta ɗaure ka da kamfani ɗaya ba, ba ka da uzurin jinkiri, ka rubuta takardar ajiye aiki. In kuwa kamfanin ne ya tsaya maka, yawanci akan ba mutum kwana 60 ya samu wani mai tsaya masa bayan ya bar aiki, to ka fara nema yau, ka ga lauyan shige da fice, ka sa wa kanka wa'adi gajere da za ka faɗa wa wani amintacce don ya riƙa tuntuɓarka. Ba na kiran wannan lalura irin wadda ke halatta haram, domin mafi munin abin da zai faru shi ne ka koma gida da digirinka, wannan kuwa ba halaka ba ce. Ka rabu da su cikin mutunci, ka faɗa musu dalilinka a fili ba tare da zagi ba. Kwalaben da ke but ɗin mota dukiyarsu ce, amana ce, ka mayar musu, kada ka fasa. Waɗanda aka ba ka kyauta suka zama naka, ka tuttular a magudana, kada ka sayar, kada ka ba maƙwabci. Abin da ka koya kuma bai ɓace ba. Wanda ya iya shiga otal bai san kowa ba ya fito da oda zai iya sayar da gahawa, da ganyen shayi, da kifi, da zuma, kuma waɗannan otal-otal ɗin suna saye.

Kuɗin da ka riga ka ci, da wanda ka tura gida, ka tuba, ba a bin ka, mahaifiyarka da ƙannenka kuma babu komai a kansu tunda ba su sani ba. Wanda ke ajiye, ka ɗauki gwargwadon abin da zai riƙe ka da su har ka samu wani aiki, wannan Ibn Taimiyya ya sauƙaƙa shi ga mai tuba mabuƙaci. Ragowar ka fitar ga talakawa ko wani amfanin jama'a da niyyar tsarkake hannunka, ba da niyyar sadaka ba, kuma ba a mayar wa kamfanin. Kada ka biya wa Hajiya kujera da shi. In ta tafi ba ta sani ba Hajjinta ya inganta, amma kai ka sani, kuma Hajji bai wajaba a kanta ba sai da iko. Ka jira kuɗin sabon aiki ko da zai ɗauki shekaru. Ba dole ne ka ba ta labarin duk abin da ya wuce ba, kada ka ɗaga mata hankali daga nesa. Ka ce mata kana neman canjin aiki saboda wannan akwai abin da bai kwanta maka ba, abin da kake turowa zai iya raguwa na ɗan lokaci, ta sa ka a addu'a.

Wallahu a'alam.